Jefa Mashi Ranar Laraba

Duk shekara idan lokacin intahaus, gasar wasanni ta gidajen makaranta, ya zo, sai an turo min sababbin malaman wasanni su tsaya kusa da ni, wai su ga yadda nake yi. Ba a daɗewa sai ɗaya ya ciro waya ya ce, "Inna Ladidi, ai wannan lissafin 'yan firamare ne. Yara nawa, gwaji nawa, a ninka, shi ke nan." To ku ninka. Ni ma na iya ninkawar, ko da yake sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na zauna a benci a makarantar manya ta mata a nan Gyaɗi-Gyaɗi na koye ta. Wayarku tsalle take ƙirgawa. Abin da ke tsakanin tsalle da tsalle shi ne ke cinye rana, kuma shi ake kirana in ƙirga.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in faɗa a sarari. Idan makaranta za ta yi gasa tsakanin gidajenta, Ja da Kore da Shuɗi da Ɗorawa, ni nake faɗin tsawon lokacin da wasannin tsakiyar fili za su ci: tsallen nesa, tsallen sama, jefa dalma, jefa faifai, jefa mashi. In ce wannan da safe, wancan bayan Azahar, waɗannan biyun kada a kuskura a haɗa su. Gudu ba ruwana da shi. An busa usur, an ruga, an gama, ko jikana zai faɗa muku yadda zai ɗauka.

Da manjagara na fara. Awara da zoɓo nake sayarwa a bakin filin wata makarantar gwamnati a Tarauni, ranar nan ana tsallen nesa, wanda ke baje yashi ya jefar da manjagara ya tafi kallon gudu. Malam Garba, tsohon malamin motsa jiki, Allah ya jiƙansa, ya waiga ya ce, "Ke mai awara, kin iya riƙe wannan?"

Na ce, "Malam, wadda ta tashi a Ƙauyen Alu tun yana ƙauyen gaske kake tambaya?"

Na baje masa yashin nan ya kwanta lumui. Daga ranar duk filin da aka kira shi sai ya aiko a gaya min. Ban iya karanta agogo ba a lokacin, shi kuma bai damu ba. Kafin a fara kowane wasa sai ya nuna min inuwar darbejiya ko ta katanga ya ce, "Ladidi, ina inuwar nan za ta kai kafin a gama?" In ɗauki dutse in ajiye. In aka gama inuwa ta wuce dutsena, ba ya faɗa. Zai zo ne kawai ya shure dutsen da ƙafa ya wuce, ni kuma in kwana ina neman inda lokacin ya zube. Na sha shurin dutse kafin in gane cewa ina kallon inda bai kamata ba. Masu tsalle nake kallo. Shi kuwa masu riƙe tef yake kallo, da mai kiran suna, da ƙafafun yaran da ke layi.

Ƙafafu, na'am. Akwai wani tsallen nesa na 'yan mata da na yi a Unguwa Uku a farkon aikina ni kaɗai. Na ƙirga yara, na ƙirga gwaji uku-uku, na sa lokacin awo da na baje yashi, na ce kafin Azahar mun tashi. Ashe 'yan gidan Shuɗi su huɗu kambas ɗaya suke da shi. Wannan ta yi tsalle, ta fito daga rami, ta zauna, ta kwance igiya, ta zazzage yashi, ta miƙa wa ta gaba. Ta gaban ƙafarta ta fi ƙanƙanta, sai an cusa takarda a gaba. Aka kira salla muna zagaye na biyu. Tun daga ranar, da na shiga fili takalma nake fara ƙirgawa kafin kawuna.

Haka hijabi. Yarinya ba za ta tsaya a layi ba lulluɓi tana jiran a kira ta gaban iyaye maza, kuma ban ga laifinta ba. Sai an kira sunanta take cirewa, ta miƙa wa ƙawarta, ta gyara ɗankwali, ta ja wando ƙasa, ta yi bisimilla. Da ta sauka kuma hijabin take fara nema kafin ta tambayi awonta. Wasan 'yan mata ba ya taɓa cin lokaci ɗaya da na maza, ko da yawansu ɗaya ne. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, bai taɓa tsayawa a fili a Kano ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Agogon hannu biyu, don ɗaya ya taɓa tsaya min. Tef na ƙarfe, don na ledar nan yana murɗewa, a ɓata lokaci ana warware shi, ga shi yana miƙewa in rana ta dake shi, gardama ta tashi. Manjagara tawa ce, ba na ara. Igiya mai tsawo, ƙusoshi manya, farar ƙasa a bokiti. Sannan nakan tambayi makaranta tun kafin ranar: sandar tsallen sama gora ce ko bututun famfo? Gora in ta faɗi ana ɗorawa a ci gaba. Bututu yana lanƙwasa a tsakiya, kowane zagaye sai an juya shi an sake awo. Katifu nawa ne, kuma wa zai riƙa haɗa su? Katifun kwanan ɗalibai ake jerawa, duk wanda ya dira sai sun rabu, in ba a tura su sun haɗe ba na gaba a ƙasa zai sauka.

Tsallen sama shi ne wasan da ba ya jin magana. Sauran wasanni kowa yana da adadin gwajinsa, ya ƙare ya tafi. Wannan kuwa sai an kayar da kowa. In yaran ragwaye ne, nan da nan an tashi. In Allah ya haɗa ku da dogaye biyu masu taurin kai, sai dai ku yi ta ɗaga sanda kuna kallon rana tana tafiya. Ba na taɓa jingina wani wasa a bayan tsallen sama in ina da yadda zan yi.

Sai kuma "a ƙara mata ɗaya". Wannan babu shi a littafin dokokin da kuka karanta a kwaleji, amma yana nan a kowane fili. Yarinya ta taka layi sau uku, ta fita. Sai ka ga uban gidan Kore, Alhajin da ya ɗinka wa gidan riguna, ya taso daga rumfa babbar riga tana jan ƙasa. "Haba Malam, yarinya ce fa. A ƙara mata ɗaya." Malamin da ke riƙe da tuta sa'an ɗansa ne, ta ina zai fara cewa a'a? An ƙara wa Kore, Ja ma sai an ƙara musu. Ni ba na faɗa da wannan, na gaji. Ina dai duba rumfa da safe, in ƙirga manyan riguna, in ƙara lokaci daidai da su.

Makarantun gwamnati yara ne da yawa, kaya kaɗan, amma in ka ce a fara ana farawa. Makarantun kuɗi kaya sababbi, yara kaɗan, sai dai ranar ba ta yara ba ce, ta iyaye ce da masu hoto. Duk da haka ba wannan ne ke hana ni sukuni ba. Fili ne. Yawancin makarantun kuɗin nan gidan haya ne aka mayar aji-aji, ba su da inda akuya za ta juya, sai su ari filin makarantar gwamnati. Filayen nan kuwa na unguwa ne. Katanga ta faɗi nan, an fasa can, hanya ta ratsa tsakiya, mai kurar ruwa ya bi, mai zuwa masallaci ya bi. Da yamma kuma azuzuwan na Islamiyya ne. Ana idar da La'asar yara za su fara ɓullowa ta kowace kafa, ƙanana-ƙanana, jaka a wuya, suna gudu don kar a tare makara. Ba sa kallon gabansu. Igiya ba ta tsayar da su, ta ƙasa suke bi.

Shi ya sa kullum nake cewa a sa gasa ranar Alhamis, ranar da ba Islamiyya. Shi ya sa kuma mashi da faifai da safe nake sa su, tun fili yana hannunmu.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina daga wata Laraba ta fara. Wata makarantar sakandare ce ta kuɗi, mai ita wata Hajiya ce da na yi wa aiki shekaru ba mu taɓa saɓawa ba. An tsayar da Alhamis, sai ta kira ni ta ce babban baƙonsu zai yi tafiya ranar, an dawo da shi Laraba.

Na ce, "Hajiya, Laraba akwai Islamiyya a filin nan."

Ta ce, "Ai kafin La'asar mun watse, Inna. Ba ke ce mai lissafin ba?"

Na ce na yarda, da sharaɗin mashi ne farkon abin da za a yi. Ta ce an gama.

Malamin wasanninsu sunansa Malam Nura. Kada ku ɗauka zan ce bai san aiki ba. Ya sani, yana da takardarsa, yana kuma son yaransa. A cikinsu akwai wata Rahama, 'yar ajin ƙarshe, 'yar gidan Ɗorawa, doguwa mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Ban taɓa ganin yarinyar da ke jefa mashi kamar ta ba a duk filayen da na taka. Malam Nura ya yi ta bin wani koci mai neman yaran da zai horar don gasar makarantun jiha, har ya yarda zai zo ya ga jifanta da idonsa. Wannan ce gasarta ta ƙarshe a makarantar. In ya gani ya ɗauke ta, in bai gani ba shi ke nan, don ba ya ɗaukar yaro a kan labari.

Da na je zana fili ana gobe gasa, na tambayi Malam Nura inda mashinta ke sauka in ta sake hannu sosai. Ya taka ya taka ya nuna min. Na tsaya a wurin na duba ƙafata. A kan 'yar hanyar nan nake, wadda ta taso daga ɓarakar katangar gabas ta nufi azuzuwa. Sauran yaran ko kusa ba sa kaiwa nan. Filin ya ishi kowa, Rahama ce kaɗai ta fi ƙarfinsa. Na gwada juya wurin jifan, ɗaya gefen rumfunan iyaye ne, ɗayan titi. Babu inda za a kai shi. Na ce to, da safe ne, zan sa mutum a bakin ɓaraka, masu wucewa manya ne, ana musu magana su tsaya.

Da safe na iso na tarar da mashi uku a jingine, yara sun hallara. Na ce a fara. Malam Nura ya ce koci bai iso ba, ya yi waya yana hanya. Na ce a fara da sauran, Rahama ta zama ta ƙarshe. Sai saƙo ya zo daga Hajiya: ba a buɗe komai sai babban baƙo ya karɓi fareti. Na taka har rumfa.

"Hajiya, mun yi magana da ke."

"Mun yi, Inna. Amma ke ma kin sani, mutum ba zai zo ya tarar an fara ba shi ba. Rainin ya yi yawa. Yanzu zai iso."

Hantsi ya yi ya wuce. Yara sun jeru a rana da rigunan fareti, 'yar sarauniyar gidan Ja kwalliyarta ta narke, masu badujala sun buga duk abin da suka iya sun sake daga farko. Ni ina tsaye ina rage lissafi a kaina, in cire wannan, in matsa da wancan. Baƙo ya iso rana ta kusa tsaka. Aka yi addu'a, aka yi fareti, gida huɗu, kowane gida sai ya tsaya gaban rumfa ya yi rawarsa an yi masa liƙi. Aka yi jawabi. Baƙon mutumin kirki ne, ya ba da haƙurin makara, sannan ya yi bayani mai tsawo a kan muhimmancin kiyaye lokaci. Aka kira Azahar.

Bayan salla da abinci koci ya iso. Na ce yanzu mashi. Sai ga matsalar da na guje wa tun farko: filin ƙarami ne, wurin saukar mashi ya ratsa hanyar gudu, ba a haɗa su. Baƙo kuma gudu ya zo gani, zai tafi da wuri. Aka ce a ba gudu rabin sa'a. Na san ƙarya ce, na kuma san ba ni da yadda zan yi. Na tura dalma can kusurwa, na buɗe tsallen nesa da na sama lokaci ɗaya, na raba tef biyu, na riƙe manjagara da kaina. Aka yi gudun yara, aka yi na malamai, aka yi na iyaye mata, wata Hajiya ta faɗi zaninta ya kama ƙafarta, aka tsaya jinya da dariya. A tsallen sama kuma Allah ya kawo dogayen nan biyu, ɗan Kore da ɗan Shuɗi, kuma malamin da zai riƙe min tutar mashi shi ne alƙalinsu. Ina baje yashi ina kallon inuwar katangar yamma tana rarrafowa cikin fili.

Ana gama gudun ƙarshe ladanin masallacin bayan makaranta ya ɗaga murya. La'asar.

Da aka idar, Malam Nura ya zo da saurinsa, koci na biye da shi, 'yan mata takwas a baya. Ya ce, "Inna, bisimilla. Fili ya zama namu."

Na ce, "Fili ya zama na 'yan Islamiyya."

"Ina suke? Dubi fa, ba kowa."

Gaskiyarsa, ba kowa. Hanyar nan fayau take.

Na ce, "Yara takwas, jifa uku-uku, da awo, da ɗauko mashi a dawo da shi a hannu. Ko ba a ƙara wa kowa ɗaya ba, ya fi rabin sa'a. Yaran nan kuwa yanzu suna sa takalmi a ƙofar gidajensu."

Ya ce ya riga ya yi magana da shugaban Islamiyyar, shugaban ya yi alkawarin zai tare su a bakin get.

Na ce, "Malam Nura, wane yaro ne ke bin get? Daga gidajensu suke tahowa, ta gabas, ta bayan banɗaki, wasu ta kan katanga. Malaminsu zai tare wanda bai iso wurinsa ba?"

Sai ya kawo shawarar da ta fi kowace ma'ana, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro. Ya ce a bar sauran. Rahama kaɗai, jifa uku, koci ya gani. Minti biyar. Zai sa manyan ɗalibai a kowace ɓaraka.

Da wata yarinyar ce da na yarda, don mashinta ba zai kai ko'ina ba. Rahama kuwa so ake ta yi jifan da ba ta taɓa yi ba, gaban mutumin da zai ɗauke ta, kuma mafi kyawun jifanta a kan hanyar yake sauka. Ɗaliban da za a sa gadi kuma na san su. Da ta ɗaga hannu duk mashin za su juya su kalla, ni ma da ina shekarunsu shi zan kalla. Mashi in ya bar hannu babu usur ɗin da ke dawo da shi.

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Inna, ba ke ce alƙaliyar wasan nan ba. Lokaci aka ce ki faɗa."

Na ce, "To na faɗa. Ya ƙare."

Ya juya ya ce wa Rahama ta ɗauki mashi ta gwada hannu. Kafin ta miƙa hannu na riga ta. Na tattara ukun, na naɗe su da igiyata, na kwantar a ƙasa, na gyara hijabina na zauna a kai.

Kun san yadda fili yake in abu ya faru. Rumfa ta taso gaba ɗaya. Uwar gidan Ɗorawa, wata 'yar kasuwa mai zoben gwal a kowane yatsa, ta ce, "Wannan tsohuwar lafiyarta ƙalau kuwa? Ko 'yan Kore ne suka saye ta?" Uban gidan Kore ya ce, "Mu da za mu sayi mutum ai mai ɗan sauƙin nauyi za mu saya." Aka yi dariya. Wani ya ce a ɗaga ni. Na ce duk namijin da ya isa ya zo ya taɓa matar mutane gaban jama'a. Ba wanda ya matso.

Hajiya mai makaranta ta zo ta sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. "Inna Ladidi, kina kunyata ni gaban iyayen yara. Tashi, don girman Allah."

Na ce, "Hajiya, da safe na roƙe ki da girman Allahn nan."

Wanda ya fi min wuya shi ne mahaifin Rahama. Direban adaidaita ne, ya ajiye aikin yini guda ya zo, yana tsaye tun safe a bayan rumfa don ba a ba shi kujera ba. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa nesa kaɗan ya ce, "Baba, ki dubi Allah ki dubi yarinyar nan. Tun tana aji ɗaya take jifan sandar rake a bayan gida. Mutumin nan ba zai sake dawowa ba. Ni zan je in tsaya a ɓarakar da kaina."

Na ce, "Ɗana, ɓaraka nawa za ka tsaya a ciki?"

Na dubi Rahama. Ta riga ta cire hijabi ta ba ƙawarta, ta ɗaure kambas, tana tsaye a bakin layi tana juya kafaɗa, tana jiran manya su gama.

Koci ya duba agogo ya ce zai ɗan jira, ko za a daidaita. Aka tsaya. Kowa ya juya yana kallon katangar gabas, ni ma ita nake kallo. Ba wanda ya ɓullo. Iska ta ɗauko wata leda ta ratsa hanyar da ita. Ga abin da ba za ku gane ba sai kun daɗe a aikin nan: kai ba ya daina lissafi don an ce ya daina. Ina zaune a kan mashin nan ina ƙirgawa. Yanzu da ta yi na farko. Yanzu an kafa ƙusa, an ja tef. Yanzu an dawo da mashi. Na biyu. Na uku. Na gama na Rahama, hanya fayau. Na ɗora sauran bakwai ɗin, ɗaya bayan ɗaya, har da cire hijabi, har da a ƙara mata ɗaya. Na kai ƙarshen wasan gaba ɗaya a kaina, babu yaro ko ɗaya da ya taka hanyar nan.

Koci ya yi wa Malam Nura sallama, ya ce wa Rahama Allah ya sa rabo a gaba, ya tafi.

Sai can aka ji ƙararrawar Islamiyya, yara suka ɓarke da gudu. Ba ta gabas suka fito ba. Daga bayan rumfuna suka fito, wajen masu badujala. Ashe tun kafin La'asar sun zo, kiɗa ya janye su ta bakin titi, suna can suna kallo suna tsintar robar lemo. Ranar dai babu wanda ya bi ta ɓaraka.

Malam Nura ya zo ya tsaya a kaina, idonsa ja. Ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani."

"Da an yi an gama lafiya."

"Da an gama."

Na kwance igiyata na miƙa masa mashinsa. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Da za a mayar da ni wannan La'asar ɗin, ban san inda yaran suke ba, zama zan sake yi. Aikin nan ba sanin abin da zai faru ba ne, ba wanda ya san wannan sai Allah. Za ka faɗi abin da ya saba faruwa ne, ka tsaya a kai, wata rana kuma fili ya ƙaryata ka gaban mutane ɗari.

Masu makarantun kuɗi suna da ƙungiya, suna da zaurensu a waya. Kafin Juma'a hotona zaune a kan mashi ya zaga Tarauni. Shekarar nan ba makarantar da ta kira ni, har na gwamnatin, don malaman wasanni duk sun san juna. Aka ce na tsufa, aka ce ina da aljanu, aka ce dama mai awara ce aka ɗaure wa agogo. Na wanke kaskona na koma bakin fili. Ina suya ina jin ana kiran wasa a lasifika, ina ganin an buɗe faifai ana gudun mita ɗari a gefensa, ba dama in ce uffan. Wani lokaci awarar ke ƙonewa. Sai shekara ta zagayo wata firamare da ba ta da mashi ta neme ni, daga nan aiki ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Ita Hajiyar har yau ba ta kira ba.

A cikin shekarar da na koma bakin filin ne, a wani fili a Unguwa Uku, ina zuba zoɓo a ƙulli, na ji an ce, "Inna, ina wuni." Rahama ce. Ta gama makaranta, tana koyon ɗinki a wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ta rako ƙanwarta. Na amsa, na tambayi babanta, ta ce yana lafiya. Ba ta tafi ba. Ta tsaya gefen teburina, hannu cikin hijabi, ana jefa mashi na 'yan mata a gabanmu. Wata ta jefa, rumfa ta ɗauki tafi, mai lasifika yana ihu wai ba a taɓa ganin irinsa ba.

Rahama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan ko rabin nawa ba ta kai ba."

Na dubi inda aka kafa ƙusa. Ba na ƙarya a kan awo, ko don in faranta wa wani.

Na ce, "Ta wuce rabi. Ba da yawa ba dai."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Aka kira suna, ta gaba ta miƙa hijabinta, ta ɗauki mashi, ta fara ja da baya. Na ajiye ludayi na juya in dubi katanga ko wani yaro zai ɓullo, sai na tarar Rahama ta riga ni.